Kabad ɗin Inna da Motar Kebbe

Kwalba goma sha ɗaya ce ta fashe a tafiyarmu ta farko zuwa Kebbe. Da wannan na fara don kada ku ɗauka so ne ya kai ni gidan Attahiru kafinta. Kwalabe ne suka kai ni.

Sunana Mardiya. Shekara bakwai na yi a Kudu ina koyon jinya da aikin unguwar zoma. Na dawo Tambuwal shekara biyu bayan samun 'yancin kai, da akwati ɗaya, da fararen riguna uku, da takalmin kambas. Na tarar Inna ta yi wata tara a ƙasa. Wasiƙar rasuwarta sai da ta yi sati uku a hanya. Ranar da ta iso ina da jarrabawa, na karanta, na ninke, na shiga aji. Na ce zan yi kukan in na dawo gida. Na dawo, bai zo ba. Mata suka yi ta shigowa gaisuwa suna leƙen fuskata, ni kuma ina miƙa musu ruwa.

En'e, wato hukumar gargajiya, ta ba ni aiki da mota, tsohuwa, mai rufaffen baya. Aikin shi ne in zaga ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, kwana huɗu a kowace fita, in auna jarirai, in duba masu ciki. Direban Kawu Bube ne, ƙanen Inna, wanda ya koyi tuƙi a soja. Albarkacinsa Baba ya yarda. Shi yakan kwana a zauren mai gari, ni in kulle kaina a bayan mota. Na fi son haka. A cikin mota ba wanda zai tambaye ni yaya haƙuri.

Bayan motar kuwa ba komai sai ƙarfe. A kwalaye muka zuba magunguna, hanya ta yi ta jijjiga su har muka isa. Da na buɗe, maganin tari ya gauraye da na ido, auduga ta sha duka. Washegari wata mata ta kawo jaririnta idanunsa sun manne da ruwa. Na wanke masa da ruwan gishiri, na ce ta dawo nan da kwana goma. Ta ce to, ta goya shi, ta kama hanya.

Kawu Bube ya tsaya yana kallon kwalayen. Ya ce, "Wagga mota sai an yi mata wurin aje kaya. In ba haka ba, da cokali za mu riƙa kwasar magani daga ƙasa."

"Ina ake samun katako?"

"Mai kyau? Sai Sakkwato. A rubuta, a jira."

Ba ni da lokacin jira. Sai na tuna da kabad ɗin Inna.

Yana ɗakinta, ɗakin kuma a kulle yake tun ranar da aka fitar da ita. Dogo ne, na icen maɗaci, sama ƙofofin gilashi biyu, ƙasa aljihuna shida da wasu ƙofofin na katako. A ciki take jera tasoshinta, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ba mai taɓawa. Na je zaure na sami Baba, Malam Gidaɗo, bayan ya sallami masu ɗaukar karatu. Na ce ina son makullin.

Ya ciro shi daga aljihu kamar dama jira yake. "Naki ne. A rabon gado wajenki ya faɗo."

Bai tambaye ni me zan yi da shi ba. Ni ma ban faɗa ba.

Na kwashe tasoshin na jera a kan gado. Na auna kabad ɗin da tef ɗin da nake auna cikin mata, na rubuta a bayan hannuna. Ya fi ƙarfin motar, sai an yanka. Kafinta kuwa ɗaya na sani a garin.

A nan sai in gaya muku ko wane ne Attahiru. Kafin in tafi makaranta yana koyon sana'a, ya tare ni a bakin rijiya ya ce zai jira. Ban ce masa komai ba, don ban ɗauka magana ce ta amsawa ba. Ashe ya jira. Har ajin yaƙi da jahilci ya shiga don ya iya rubuta mini boko. Tunda na dawo yake aiko da saƙo ta hannun Kawu Bube, ba a takarda ba, a guntayen katako, da fensirin aiki.

"Barka da sauka. Allah ya jiƙan Inna. A."

"An ce kin rame. A."

"In kina son kujera ki faɗa. A."

Na tara su a ƙarƙashin gado. Ban amsa ko ɗaya ba. Ba ƙinsa nake ba. Ba na jin komai ne, game da shi da game da kowa.

Ranar kasuwa da hantsi na sa aka ɗora kabad ɗin a amalanke. Kawu Bube ya tafi neman taya, da yana nan da ya hana. Na sa farar rigata, na yafa mayafi, na bi bayan amalanken a ƙafa don kada gilashin ya fashe. Hanyar gidan su Attahiru ta gefen kasuwa ta bi. Mutane suka riƙa matsawa suna kallo. Wata mai fura ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa. Na waiwaya in ga ina ake biki.

Rumfar aikinsa a ƙofar gidansu take. Yana tsaye da 'yar shara mai ruwan ƙasa, fensir a bayan kunne, garin katako har a gira. Ya dubi kabad ɗin, ya dube ni, ya ajiye gudumar da ke hannunsa a hankali.

"Malama Mardiya. Ke da kanki?"

"Ni da kaina. Ina kwana?"

"Lahiya lau." Ya goge hannu a riga, ya sake gogewa. "A shiga da shi ciki?"

"A'a, a bar shi nan. So nake ka yanka shi."

Ya sake duban kabad ɗin.

"Za a sa shi a bayan motar asibiti. Aljihunan su ɗauki kwalabe, ƙofofin ƙasa a yi mini wurin kwanciya da su. Ga awon." Na miƙa masa bayan hannuna.

Ya karanta lambobin bai taɓa hannun ba. Ya daɗe a kansu, fiye da yadda lamba uku ke bukata.

"Yaushe kike so?"

"Asabar za mu fita."

"To," in ji shi.

Ina isa gida na tarar da Goggo Dada, yayar Baba, zaune a tsakar gida da zanen saƙinta na fita unguwa, ga ƙullin goro a cinya. Rabona da ganin haƙoranta tun ina yarinya.

"Zo nan, 'yar boko. Ashe kunya ce ta ɗaure miki baki. Amma ko ke, a hwaɗa wa mutane mana. Sai a kasuwa zan ji?"

"Ji me, Goggo?"

"Ji ta da Hausar rediyo. Wai me. An ga kayan ɗakinki sun shiga gidan Attahiru."

"Gyara na kai. Yanka shi zai yi a sa a mota."

Ta rufe bakin. Ta ɗauke goron daga cinya ta tura shi ƙarƙashin zane.

"Mi za a yanka?"

Na sake faɗa, da bayanin kwalabe da na jaririn. Ta bari har na gama.

"Shekara bakwai suna koya miki yadda ɗa ka fitowa, ba wanda yag gaya miki yadda kaya ka shiga? Kayan ɗakin ɗiya ba su taka ƙofar gidan namiji sai ranar jere. Jeren ma mata ka yin shi, ba amarya da kanta ba, tsakar rana, tana bin amalanke awa mai rakiyar gawa."

"Shago na kai, Goggo."

"Shagon a ina yake? Bisa itace?"

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Uwarki ba ta taɓa kama sunanki ba, ke ce ta fari. Amma shekara biyu da sunka wuce ƙofar kabad ɗin ta saki, ta kira yaron nan shi gyara. Ina zaune. Tac ce mai, ka gyara da kyau, kayan waccan ne. Ya gyara. Ya koma gida ya rushe ƙofar ɗakinai, ya ƙara mata faɗi da tsawo don kabad ɗin shi wuce. Garin ga duk an sani. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, don ke kika yi karatu."

Ku da kuke karantawa za ku so in ce wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da na yi tunani shi ne, ashe ya riga ya san awon, ba ni da bukatar rubutawa a hannu.

Bayan la'asar Baba ya aiko kirana. Yana kan buzu, littafi a buɗe a gabansa, tabarau a ƙarshen hanci. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Laihina ne," ya ce. "Na ba da makulli ban tambaya ba."

"Baba, ban san haka abin yake ba."

"Na san ba ki sani ba. Amma gari ya ga kaya sun shiga. Ko gari shi ga sun fito yadda sunka shiga, ba ko kwarzane, a ce gyara ne anka kai. Ko kuwa in ga magabatan yaron nan ranar Juma'a. Ba ni tilasta miki ko ɗaya. Na ukun ne babu."

"In an dawo da shi, motar fa?"

"Ta jira katako awa kowace mota."

"Akwai waɗanda na ce su dawo ranar Asabar."

"Na ji," ya ce, ya mayar da ido kan littafi.

Kwana biyu ban fita ba. Na wanke fararen rigunan duka uku, har da waɗanda ba su yi datti ba, na goge su da dutsen guga. Na shiga ɗakin Inna na tsaya. Inda kabad ɗin yake, bangon ya fi sauran haske. Tasoshin suna kan gado yadda na bar su. Goggo Dada ta zo sau uku. Zuwan farko ta ce Attahiru ɗan mutunci ne, ba ya shan ko taba. Na biyu ta ce akwai malamin haraji a Sanyinna da ya tambaya, in kafinta ne ya yi mini ƙasa. Na uku zama kawai ta yi ta tsefe mini kai da ƙarfi.

Ranar Laraba da safe Kawu Bube ya miƙo mini guntun katako, yana kallon wani wuri.

"Ban sa zarto ba. Ki zo ki gani. A."

Wannan karon atamfa na ɗauko, sai na ga ba dalili, na mayar. Na sa farar riga.

Motar tana gaban rumfar, ƙofofin baya a buɗe. Kawu Bube ne ya kai ta tun jiya bai gaya mini ba. Ya ja gefe ya zauna a kan wani turmi da aka kife, inda zai gan mu ba zai ji mu ba.

Na leƙa ciki. Da farko ban gane abin da nake gani ba. Aljihuna shida na Inna suna jere a gefen hagu, uku bisa uku. Kowanne an zagaya shi da igiyar fata da ake maƙalawa a ɗan turke, don kada gargada ta zazzago shi. Na jawo ɗaya. Ya raba cikin gida-gida da karan dawa, kowane gida daidai kwalba ɗaya, ya shimfiɗa tsumma a ƙasa. Ƙofofin katakon nan biyu sun kwanta a gefen dama sun zama gado, in an ɗaga su akwai wurin sikeli da bokiti da fitila. Na gilashin ya naɗe su a tabarma ya jingine a cikin rumfa. Kowane katako da lamba a jikinsa, da fensir.

"Kwance shi na yi," ya ce daga bayana. "Wanda ya yi shi ba ƙusa ya sa ba, haƙora ya fitar ma katakon suna cizon juna. Na bi su ɗaya-ɗaya. In kin ce a mayar, kafin azahar shina tsaye awa ba a taɓa ba."

"To ai ya zauna. Me ya rage?"

Ya hau motar ya dafa jeren aljihunan da yatsa ɗaya. Duka suka karkata.

"Ba su da ƙafa ta nan. Katakon gefen da ka riƙe su bisa tudun taya zai hau, ya yi tsawo da inci fuɗu. In ba a rage shi ba, ba ku kai Jabo sai komi ya kife."

Katakon yana kan bencin aiki shi kaɗai. Ya ja layi a jikinsa, siriri, miƙaƙƙe. Zarto yana gefe.

"Ka rage mana."

"A'a."

"Ba aikinka ba ne?"

"Aikina ne. Amma na ji abin da Malam yac ce, Kawu ya gaya mini. In zarto ya shiga katakon ga, kabad ba shi komawa gidanku yadda ya fito. Saura magana ɗaya ke nan." Ya cire fensirin daga kunne, ya duba shi, ya mayar. "Shekara bakwai ina jira, Malama. Ba ni so a ce da zarto na samu mata."

"Sa wani katakon a madadinsa."

"Na duba. Abin da nika da shi na akwatin sabulu ne. Nauyin kwalabe zai tsaga shi tun kafin fadama."

Na dubi rumfar. Gaskiya ya faɗa. Ta bayansa, ta cikin zauren gidan, ina hango wata ƙofar ɗaki da ta fi sauran girma, yaɓen gefenta daban da na bangon. Na ɗauke ido.

"Malam Attahiru, da ka yanka tun ranar da na kawo, ai ba wanda zai ga laifinka. Ni na ce ka yanka."

"Ke kin ce. Ba ki san abin da kike cewa ba."

"Yanzu na sani."

"Shi ya sa na aje miki zarton."

Na naɗe hannun riga. Na taɓa riƙe zarto a ɗakin tiyata, na san ba a danna shi, barinsa ake ya ci da kansa. Na ɗora gwiwa a kan katakon yadda na ga suna yi. Kawu Bube ya miƙe daga kan turmin, ya tsaya, bai matso ba.

"Ja baya tukuna, sannan ki tura," in ji Attahiru. "Ki bi layin ta waje."

Maɗaci yana da tauri. Sai da na ja sau goma kafin haƙoran su kama. Jan gari ya fara zuba a kan takalmina. Da na kai tsakiya sai wani ƙamshi ya taso daga cikin yankan, turaren wutar da Inna take sa wa ɗaki kowace Alhamis. Shekara da shekaru katakon yana sha. Na tsaya. Na jira in ga ko abin nan da nake jira tun ranar jarrabawa zai zo. Bai zo ba. Na gyara riƙo na ci gaba.

Guntun ya faɗi ƙasa. Bai yi wata ƙara ba.

Na ajiye zarton. Attahiru ya ɗauki katakon ya shafa bakin yankan da babban yatsa.

"Ya miƙe," ya ce. Sannan, bai ɗago ba, "In tambaye ki?"

"Tambaya."

"Don motar kika yanka, ko don ni?"

Na san amsar da ake so. Na san wadda za ta sa Goggo ta fito da goronta, Baba ya huta, a rataya wa waccan ƙofar labule. Kalma biyu ce, ba wanda zai taɓa kama ni. Na neme ta a bakina ban same ta ba.

"Don motar."

Ya gyaɗa kai. Ya hau bayan motar da katakon, ya zura shi a kan tudun taya, ya zauna daram. Ya ɗauko ƙusa daga aljihu, ta farko da za ta shiga jikin kabad ɗin Inna, ya buga ta sau uku. Ya dafa aljihunan da tafin hannu ya girgiza. Ko motsi.

"Asabar kuna iya fita," ya ce. Ya sauko ya rataye gudumar a mazauninta. "Ni kuwa ba ni turo kowa ranar Juma'a."

"Ka ji abin da Baba ya ce. Na ukun babu."

"Na ji. Ke za ki gaya mai, ko ni in tafi?"

"Ni zan gaya masa."

Kawu Bube ya ce in shiga ya kai ni. Na ce zan taka. Na bi ta gefen kasuwa, yau ba kowa sai rumfuna da awaki. Ban kakkaɓe rigar ba, ban ma lura ba sai da na isa.

Baba yana zaure shi kaɗai. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, ya dubi fuskata, sannan idonsa ya sauka kan jan garin katakon da ya manne a gaban farar rigar, daga gwiwa har ƙasa. Ya sa tsinke a shafin da yake, ya rufe littafin, ya cire tabarau.

"To, Alhamdu lillahi," ya ce. "Mutum nawa za su zo, a san tabarmar da za a shimfiɗa?"